Yadda Ake Zaɓen Wurin Kafa Tanti a Kusa da Kogi da Tsauni

Yawancin masu fita domin kwana a tanti suna zaɓen wurin da za su yada zango ne da rana tsaka, lokacin da kogi ke gudu a hankali, iska ta lafa, yashin gaɓa kuma ya bushe yana jan hankalin wanda ya gaji da tafiya. Amma da dare ake kwana, kuma yanayin kwari da gindin tsauni yakan sauya ƙwarai bayan faɗuwar rana. Saboda haka kafin a sauke kaya akwai tambayoyi huɗu da ya kamata mutum ya samu amsarsu daga ƙasar da yake tsaye a kai: ina ruwa zai bi idan ya ƙaru, ina sanyi zai kwanta, me zai iya faɗowa daga sama, kuma daga wace fuska iska za ta buga. Kyan wuri yana zuwa ne a bayan waɗannan, domin a kusa da kogi da tsauni da wuya a rasa abin kallo, amma wurin da ya haɗa aminci da daɗin barci sai an neme shi.

Neman yana farawa tun daga gida, a kan taswira. Taswirar da ke da amfani a nan ita ce mai layukan tsayin ƙasa, wato waɗanda kowane ɗayansu ke haɗa wuraren da tsayinsu ya zo daidai. Inda layukan suka matsu da juna gangara ce mai tsanani, inda suka ware kuwa ƙasa ta yi shimfiɗa, kuma idan suka lanƙwashe suka yi tsini a kan rafi, tsinin yana nuna inda ruwan ya fito. A taswira mai ma'aunin 1:50,000, santimita 2 daidai yake da kilomita 1 a ƙasa, a mai 1:25,000 kuwa santimita 4 ne kilomita 1, kuma wannan ta biyun ce ta fi nuna ƙananan filayen da tanti zai zauna. Abin da ake nema shi ne wurin da layuka suka ɗan ware a tsakanin kogi da jikin tsauni, sama da ruwa da layi ɗaya ko biyu. Hotunan tauraron ɗan adam da ake samu a Google Earth suna taimakawa wajen gane bishiyoyi da fili da hanya, sai dai ba su cika nuna gangara ba, kuma sau da yawa an ɗauke su ne a wani lokaci na shekara dabam, lokacin da kogin ya janye. Ya kamata a fitar da wurare biyu ko uku, a kuma sauke taswirar a cikin waya tare da riƙe ta takarda, saboda a cikin kwari mai zurfi sadarwar waya takan ɓace gaba ɗaya.

A wannan matakin ne kuma ake bincika ko doka ta yarda a kwana a wurin, domin hukuncin ya sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa. A Norwe, dokar shekarar 1957 ta bai wa kowa damar kafa tanti a ƙasar da ba a nomawa har kwana biyu ba tare da neman izini ba, muddin ya nisanci gidan da ake zaune a ciki da aƙalla mita 150. Sikotilan ma ta ba da irin wannan dama a dokarta ta 2003, alhali a mafi yawan Ingila sai da yardar mai ƙasa. A filayen gwamnatin tarayyar Amurka da ke hannun hukumar kula da filaye, galibi ana barin mutum ya yi kwana 14 cikin kowane kwana 28 a wuri guda. A tsaunin Kilimanjaro na Tanzaniya kuwa ba a hawa sai da ja-gora mai rajista, ba a kuma kwana sai a sansanonin da aka tanada. Inda babu rubutacciyar doka ma ƙasa ba ta rasa mai ita, don haka neman izinin mutanen wurin wajibi ne, kuma yana da wata fa'ida da ta fi ta ladabi: makiyayi da masunci da ma'aikacin gandun daji sun san iyakar da ruwa ya kai a shekarun baya, abin da babu taswirar da ta rubuta shi.

Ruwa shi ne babban abin tsoro, kuma a kansa ya dace a fi tsayawa. Ambaliyar kwari ba ta buƙatar a yi ruwan sama a inda mutum yake. Hadari zai iya zuba a kan tsauni mai nisan kilomita da yawa, ruwan ya taru daga ƙoramu masu yawa ya shiga hanya guda, ya iso cikin ɗan lokaci alhali sama tana garau a sansani. Haka ta faru a kwazazzabon Antelope da ke jihar Arizona ta Amurka a ranar 12 ga Agusta, 1997, inda masu yawon buɗe ido 11 suka rasu, duk da cewa ruwan da aka yi a wurin bai taka kara ya karya ba. A ranar 11 ga Yuni, 2010, kogin Little Missouri a jihar Arkansas ya ƙaru da kusan mita 6 cikin 'yan awanni da tsakar dare, ya halaka mutum 20 a sansanin Albert Pike, a daidai lokacin da ake barci. Wannan sansani ne na hukuma, wanda ke nuna cewa ganin wuri an share shi, ko ganin alamar wasu sun taɓa kwana a nan, ba ya ɗauke wa mutum nauyin duba ƙasar da kansa.

Kogi yakan bar shaidar iyakar da ya taɓa kaiwa, kuma karanta wannan shaida ba shi da wuya ga wanda ya ɗaga kai. Za a ga yayi da busasshiyar ciyawa da tsummoki sun maƙale a rassan bishiyoyi, wani lokaci sama da tsayin mutum. Za a ga gungumen itace a kwance nesa da ruwa, da ciyawar da ta kwanta gaba ɗaya ta fuskanci gangare, da tabon laka a jikin duwatsu, da wurin da manyan bishiyoyi suka ƙare sai ƙananan tsirrai masu saurin fitowa. Duk inda ke ƙasa da mafi tsayin waɗannan alamu gadon kogi ne, ko da a yau ya bushe ƙayau. Tsibirin yashi a tsakiyar ruwa da busasshiyar ƙorama mai laushin rairayi su ne suka fi ruɗin mutane, saboda sun fi ko'ina daɗin kwanciya, ga shi babu ƙaya babu tsakuwa, alhali ruwa ne ya shimfiɗa su haka, kuma zai dawo. Inda kogi ya yi kwana ma akwai bambanci tsakanin gefunansa biyu: a gefen waje ruwa yana gudu da ƙarfi yana cin gindin gacci, ta yadda ƙasar da ake gani daram daga sama za ta iya rufta, a gefen ciki kuma yana tara yashi a wuri mai ƙasa-ƙasa wanda shi ne farkon nutsewa.

Akwai wani nau'in fili da ya cancanci a san shi da kyau, domin ya fi kowane yaudara. A inda rafi mai gangara ya fito daga tsauni ya shiga babban kwari, yakan zubar da tsakuwa da duwatsun da ya kwaso, su taru su yi fili mai faɗi da ɗan tudu mai kama da buɗaɗɗen mafici. Filin yana sama da babban kogi, ruwa ba ya kwanciya a kansa, ga ruwan sha kusa, don haka ido yakan ce an dace. Amma kowane dutse da ke wurin ambaliya ce ta kawo shi. A kan irin wannan fili aka gina sansanin da ke kusa da garin Biescas a tsaunukan Firenis na ƙasar Sifaniya, inda laka da duwatsu suka sauko daga rafin Arás a ranar 7 ga Agusta, 1996, suka kashe mutum 87. Idan aka ga manyan duwatsu a warwatse a bakin wani kwazazzabo, da tsofaffin hanyoyin ruwa da suka rarrabu, a matsa gefe sosai har a fita daga saitin bakinsa.

Hukumomin gandun daji na Amurka suna ba da shawarar a nisanci bakin ruwa da ƙafa 200, kimanin mita 60, wato taku 70 na babban mutum. Shawara ce mai kyau, amma ya kamata a fahimci cewa an yi ta ne musamman domin kare tsabtar ruwa da tsirran gaɓa da kuma barin hanya ga dabbobin da ke zuwa sha. Game da ambaliya kuwa, tsayi ya fi nisa muhimmanci. Mutum zai iya yin taku 200 a fadama mai shimfiɗa bai ɗaga daga matakin ruwa da mita guda ba, wani kuma ya hau tudu ya tsira a taku 70. Abin da ya fi dacewa shi ne tsohuwar gaɓa, wato dandamalin ƙasa da kogi ya bari a sama lokacin da ya ci gaba da zurfafa gadonsa. Irin wannan wuri yakan kasance shimfiɗaɗɗe, mai tauri, da manyan bishiyoyi da suka daɗe, wanda hakan shaida ce cewa ruwa ya jima bai kai nan ba. A kuma bincika ko akwai madatsar ruwa a sama, domin masu kula da ita za su iya sakin ruwa a kowane lokaci ba tare da an ga hadari ba. Kogunan da ke samun ruwa daga narkewar ƙanƙarar tsauni kuwa sun fi cika da yamma zuwa farkon dare, su ragu da sassafe, saboda haka rafin da aka tsallaka da hantsi cikin sauƙi zai iya gagara da la'asar, kuma wannan dalili ne na kafa tanti a gefen da hanyar fita take.

Hawa tudu yana da wata riba da ba ta shafi ambaliya ba. Bayan faɗuwar rana jikin tsauni yakan huce da sauri, iskar da ke kansa ta yi sanyi ta yi nauyi, sai ta gangaro ta taru a ƙasan kwari, musamman a daren da babu gajimare kuma babu iska. Shi ya sa bakin kogi ke wayar gari cikin hazo da raɓa, tanti ya jiƙe ciki da waje, alhali wanda ya kwana mita 20 ko 30 sama da nan ya tashi da busasshen kaya da jiki mai ɗumi. Sauro ma ya fi yawa a ƙasa inda ruwa ke kwanciya, ya ragu a inda iska ke ɗan kaɗawa. Ƙarar ruwa da mutane ke so tana da nata aibi, domin tana rufe motsin dabba da kiran abokin tafiya, har da sauyin sautin kogin kansa, wanda daga ɗan nesa ya fi sauƙin ganewa.

Sai dai hawan ma yana da iyaka. Zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 na ma'aunin Salsiyos a kowane mita 1,000 da aka hau, kuma ƙololuwa da doron tsauni su ne matattarar guguwa da tsawa. Lotsawar da ke tsakanin ƙololuwa biyu takan ja hankali saboda shimfiɗarta, amma iska tana matsewa ta bi ta nan da ƙarfin da ya fi na kowane gefe. Tanti ba ya kare kowa daga tsawa, kuma bishiya ɗaya tilo a fili haɗari take ƙarawa. Sauti yana cin kilomita 1 a kimanin daƙiƙa 3, don haka idan tsakanin walƙiya da rugugi bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin yana cikin kilomita 10, kuma lokaci ya yi da za a sauka daga wuri mai tsayi. Ga masu hawa manyan tsaunuka akwai kuma ciwon ƙarancin iska, wanda kan fara bayyana daga mita 2,500 da ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci. Likitocin wannan fanni suna ba da shawarar cewa bayan an wuce mita 3,000 kada tsayin wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare guda, ko da an hau fiye da haka da rana an sauko.

Idan an samu wurin da ke tsakanin waɗannan biyun, sai a dubi sama. Gindin dutse mai miƙewa yana tare iska, amma idan akwai fasassun duwatsu masu kaifi da sabon launi a ƙasansa, alama ce cewa har yanzu yana zubarwa, kuma zubarwar ta fi yawa bayan ruwan sama ko lokacin da ƙanƙara ke narkewa. Gangarar ƙasa da ta sha ruwa kwana da kwanaki ita ma abin gudu ce, musamman idan bishiyoyinta sun karkace, ko ƙasa ta tsage, ko ruwa na tsattsafowa daga jikinta, ko an yanke ta domin hanya. Zaftarewar ƙasa da ta auku a Batang Kali ta ƙasar Malesiya a ranar 16 ga Disamba, 2022, ta rufe wani sansani da tsakar dare, mutum 31 suka rasu. A wuraren da dusar ƙanƙara ke taruwa, gangara mai digiri 30 zuwa 45 ce ta fi zubowa, kuma tsirin fili mara bishiya da ya ratsa daji daga sama zuwa ƙasa yakan zama hanyarta. Bishiyoyi kuwa, a duba ko akwai mataccen reshe a rataye ko kututturen da gara ta cinye. Wasu nau'o'in itacen turare da ke bakin kogunan Ostireliya sun shahara da sakin manyan rassa ko da babu iska, har hukumomi ke gargaɗin kada a kwana a ƙarƙashinsu. Gefen kurmi mai matsakaitan bishiyoyi masu lafiya ya fi ƙarƙashin babbar bishiya guda.

Dabbobi suna da hanyoyinsu na zuwa ruwa, kuma ana gane su da sawu da kashi da ciyawar da aka tattake. Dorina tana fitowa kiwo da dare ta hanyoyin da ta saba bi, kuma shiga tsakaninta da ruwa yana cikin mafi munin abin da zai samu mai tanti a kogunan Afirka. A yankunan da ke da kada, hukumomin jihar Queensland ta Ostireliya suna cewa a nisanci bakin ruwa da aƙalla mita 50, a kuma kasance mita 2 sama da iyakar cikar ruwa. A tsaunukan Arewacin Amurka inda ake da beya, wata ƙatuwar dabbar daji mai haɗari, akan raba wurin girki da ajiyar abinci da wurin kwana da kusan mita 100. Ƙananan halittu ma ba abin rainawa ba ne: layin kwarkwasa, da suri, da ramukan da ke ƙarƙashin duwatsu inda maciji da kunama ke fakewa, duk sun isa a matsa gaba.

Duk wannan dubawa tana buƙatar haske, saboda haka a yi niyyar isa awa biyu kafin faɗuwar rana, tare da tuna cewa a cikin kwari rana takan ɓuya a bayan tsauni tun kafin lokacinta. Idan an isa, a ajiye kaya a zaga wurin da ƙafa. Ƙasar da ake so ita ce mai tauri da ɗan tudu kaɗan yadda ruwan sama zai gangara ya bar ta, ba kwarin da zai tara shi ba, kuma gara wurin da aka riga aka taɓa kwana a kai da a tattake sabuwar ciyawa. Hanya mafi sauƙi ta gane gangara ita ce a shimfiɗa tamfol a kwanta a kai na ɗan lokaci, domin bayan mutum yana jin abin da ido bai gani ba. Idan akwai 'yar gangara, kai ya kasance a sama. A juya ƙunƙuntan gefen tanti wajen da iska ke fitowa, ƙofa kuma ta kalli ɗaya gefen, tare da sanin cewa a kwari iska takan hau sama da rana ta juyo ƙasa da dare. Fuskar da ke kallon gabas tana samun hantsi da wuri, wanda ke busar da raɓa, abin so a lokacin sanyi, abin ƙi a lokacin zafi. A yashi ko tsakuwa turaku ba sa kamawa, sai a ɗaure igiya a jikin sanda a binne ta a kwance, ko a danne da manyan duwatsu.

Ruwan kogi, komai haskensa, a tace shi ko a tafasa shi na minti 1, ko minti 3 idan an haura mita 2,000, saboda a can ruwa yana tafasa kafin ya yi zafin da ya saba. Bayan gida a yi shi a rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, nesa da ruwa da taku 70, a rufe. Kada a kunna risho ko gawayi a cikin tanti, domin iskar gubar da suke fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci, kuma kada a kewaye wuta da duwatsun da aka ciro daga ruwa, saboda danshin da ke cikinsu zai iya sa su fashe.

Kafin duhu ya rufe, a kafa sanda a daidai bakin ruwa domin a riƙa auna ko yana ƙaruwa, a kuma bi hanyar da za a hau tudu da ƙafa har ƙarshenta, kowa ya san ta, yara ma a nuna musu. Takalma da tocila su kwana a bakin ƙofar tanti. Idan ruwa ya sauya launi ya koma ja ko baƙi, ko ya fara kawo rassa da kumfa, ko aka ji rugugi daga sama kamar na manyan motoci, ko kuma rafi ya ragu farat ɗaya ba dalili, wanda kan nuna cewa wani abu ya toshe shi a sama, a bar tanti da kaya a hau tudu nan take, ta gefe, ba ta bin kwarin ba. Kada a yi ƙoƙarin tsallake ruwan da ƙafa ko da mota, domin ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 60 kuma yana tafiya da yawancin motoci.